Safiyar da Na Daina Gaishe da Baba

Ni mutum ne mai gaggawa, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. Tun ina yaro a Bakura, in aka aike ni gidan wani dattijo, ba nisan hanyar ke damuna ba, gaisuwar ce. Ka durƙusa a zaure, a tambaye ka kwana, a tambaye ka gajiya, a tambaye ka zafi, sannan a bi mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya, alhali tsohon nan tare suka yi sallar asuba da rabinsu. Kafin a iso kan saƙon ƙafata ta yi tsami, wani lokacin ma saƙon ya fice mini daga kai sai na koma gida na sake tambaya. Baba yakan ce ranar da ake rabon haƙuri ni na gaji da layi na yi gaba.

Da na girma na koyi rubuta manhajar waya, sai na ga Allah Ya haɗa ni da sana'ar da ta dace da ni. Kwamfuta ba ta tambayar kwana. Ka gaya mata abin da kake so, ta yi ko ta ƙi, shi ke nan.

Mu huɗu ne a wurin aikin, a wani ɗan ofis da muka kama a Talata Mafara, bayan kasuwa. Manhajar da muka yi ta manoma ce, musamman masu noman rani na yankin Mafara da Bakura da Maradun. Kullum da safe, rana na ɗagowa, wayar manomi za ta yi ƙara ta gaya masa abin da ya kamata ya sani a ranar: ko za a yi zafi sosai, ko lokacin ba albasa ruwa ya yi, ko an ga tsutsa a tumatirin wani yanki a fara dubawa. Da murya muke aikawa, don da yawa cikin mutanenmu ajami suka iya ba boko ba. Muryar kuwa tawa ce, ba don ta fi ta kowa daɗi ba, sai don ni ne harshena bai gauraya da na birni ba.

Rigimar ta tashi ne tsakanina da abokiyar aikinmu, wata malamar gona 'yar Maradun wadda ta girme ni, ta kuma yi shekaru tana yawon ƙauyuka kafin ta zo wurinmu. Ita ke rubuta abin da zan faɗa. Ta ce ba yadda za a yi murya ta faɗo wa magidanci cikin gida da sassafe ta hau ba shi umarni ba sallama ba gaisuwa. Na ce Malama, data ake ƙonawa, mutane na sauri su tafi gona, a gaya musu abin da ke akwai su kama gabansu. Ta ce kai ke sauri, su ba inda za su. Muka yi ta yi har mai kamfanin ya gaji, ya ce mu daina cika masa kunne, a gwada duka biyun a gani.

Gwadawar ba ta da wuya gare mu. Akwai wani ƙunshin kayan aiki da masu sana'armu ke ɗaukowa su dasa cikin manhajarsu, SDK ake ce wa irinsa. Wasu can ne suka rubuta shi, mu amfani kawai muke yi, ni kuma ƙunshin gwaji nake kiransa. Aikinsa shi ne ya jefa ƙuri'a ya raba wayoyin jama'a gida biyu, ya ba waɗannan abu iri ɗaya, waɗancan wani iri, sannan ya riƙa lura da wane gida ne ya fi sauraron saƙo har ƙarshe. Wanda ƙuri'a ta jefa gida kaza, nan zai zauna har a gama gwajin. Mu kuwa a ofis ba ma ganin sunan kowa, sai tarin lambobi.

Ranar ɗaukar muryar gaisuwar na sha wuya. Malama ta kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, ta jawo kujera ta zauna tana kallona kamar malamin allo mai karɓar hadda.

Na ce, "Assalamu alaikum. An kwana lahiya?"

Zan zarce ta ɗaga hannu. "Tsaya. Ba ka jira a amsa maka?"

"Malama, wa zai amsa wa waya?"

"Kai dai yi shiru."

Haka ta sa na bar fili bayan kowace tambaya. Tana lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya har biyar, sannan ta gyaɗa kai in ce, "To madalla," in wuce ta gaba. Ina gajiya? Shiru. To madalla. Ya iyali? Shiru. To madalla. Ya ƙarfin jiki? Shiru. To madalla. Sai bayan duk wannan za a shiga maganar albasa. Sau tara muka maimaita, gumi na tsiyaya a wuyana, ina ta tsaki a zuci. Ɗaya muryar kuwa, wadda babu gaisuwa, sau ɗaya na yi ta, na ce wa Malama ga yadda ake aiki.

A ƙarshen daminar nan na je gida sunan jaririn ƙanwata, na sa manhajar a wayar Baba, na kuma sa a ta Kawu. Kawu ɗan gwaggon Baba ne, wato taubashinsa. Asalinsa ɗan Birnin Tudu ne, amma ya daɗe da dawowa Bakura, gidansa na kallon namu, gonarsa ta fadama na jikin ta Baba. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi ba, ban kuma taɓa ganin ɗaya ya ci abu ya hana ɗayan ba. In Baba ya sa sabuwar hula, Kawu zai tambaya wa ya mutu ya bar masa gado. In akuyar Kawu ta haifi ɗa guda, Baba zai ce ta gaji rowar maigidanta.

To, ƙuri'a ta jefa Baba gidan gaisuwa, ta jefa Kawu gidan da babu. Duk wannan ban sani ba, sai daga baya aka ba ni labari. Kullum in sun dawo masallaci sukan zauna a dakalin ƙofar gidanmu har rana ta ɗago. Wayoyin biyu su yi ƙara lokaci guda. Ta Baba ta yi sallama ta hau tambayar kwana da gajiya, ta Kawu kuwa ta ce, "Yau za a yi zahi," ba ko sannu. Sai Baba ya gyara zama ya dubi taubashinsa.

"Ka jiya? Yaro ya san wa ad ubanai. Kai ko sallama ba ka samu ba, sai aike."

Ya kai maganar majalisa, ya kai ta gona, har kasuwar Damri sai da ta ji. Kuma gwajin da ya kamata a gama cikin 'yan makonni sai ya ja watanni, don duk ranar da aka duba sakamako, ni ko Malama wani zai ce a ƙara lokaci, bai gamsu ba.

A watannin nan ina ganin Baba kusan kowane mako. Ranar Talata in ya zo cin kasuwa yakan biyo ofis da ɗan ƙunshi daga Inna, ƙuli-ƙuli ko dakakken yaji. Da can yakan shigo ya zauna a tabarmar da muke salla, ya yi ta kallon kwamfutoci yana tambayar wace ce tawa. Daga baya sai ya daina shigowa, ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa ya jingina da ita. Ni kuwa in ɗan miƙe rabi, in ce, "Baba sannu da zuwa, ya mutanen gida," idona na kan allo, hannuna ɗaya na miƙe wajen ƙunshin. Na ɗauka shi ma sauri yake yi, har na ji daɗi a raina cewa tsohon ya fara waye wa.

Ana nan sai masu ƙunshin gwajin suka fitar da sabon samfuri. Irin wannan sabuntawar takan zo da doguwar takardar bayani, a jera abin da aka ƙara da abin da aka canza. Na fara karantawa daga sama, raina ya yi fari. Abu na farko, yanzu ko babu sabis wayar za ta tuna abin da aka ce ta yi, ba sai ta tsaya tana laluben ofis ba. Duk wanda ya san yadda sabis ke ɓacewa tsakanin Bakura da ƙauyukanta ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, an sa makunni: in wani sabon abu ya ba da matsala, daga kan kujerata zan kashe shi a duk wayoyin. Na uku, ana iya raba mutane gari-gari maimakon waya-waya. Akwai kuma wani jeri da za ka sa lambar mutum ka ce wannan kullum gida kaza zai zauna, ƙuri'a ba ta shafe shi ba. Ina kaiwa nan na ce ai magana ta ƙare. Sauran takardar na karanta ta yadda nake gaisuwa.

A can ƙasa, cikin abin da na tsallake, sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa sun canza yadda ake jefa ƙuri'ar. Duk mai gwajin da ke kan tafiya, in bai kunna wani ɗan saiti da ke riƙe kowa a gidansa ba, to za a sake raba mutanensa daga farko. Ban kunna ba, don ban gani ba. Abin haushin ma, kayan aikin nan an yi shi ne don mutum ya riƙa sakin sabon abu kaɗan-kaɗan yana dubawa. Ni kuwa ranar wata Alhamis na sake shi ga kowa da kowa gaba ɗaya, na rufe kwamfuta na tafi cin tsire.

Talata ta zo, Baba bai biyo ba. Na ce wataƙila kasuwa ta riƙe shi. Wata Talatar ta zo, shiru. Na kira shi, ya ɗauka ya ce, "Lahiya," ya miƙa wa Inna wayar. Inna ma ta yi mini magana sama-sama. Na ɗan ji wani iri, amma aiki ya sha kaina na manta.

Talata ta uku, wajen hantsi, sai ga sallama da ƙarfi a bakin ƙofa. Kawu ne, cikin babbar riga, bakinsa har kunne, ya rungumo rake kusan rabin dami. Bai taɓa tako ofis ɗinmu ba.

"Ɗan albarka! Allah shi yi maka albarka. Ashe ka gane wa ad dattijon ƙwarai cikinmu."

Na ce, "Kawu, mi ya hwaru?"

"Mi ya hwaru? Kwana nawa ke nan kullum sahe kana gaishe ni? Ka tambayi kwanana, ka tambayi gajiyata, har ƙarhin jikina ba ka bari ba. Wancan tsohon kuwa ko sallama ka daina yi mai. Yau za a yi zahi! Yau a duba tumatur!" Ya kwaikwayi muryata ya fashe da dariya har yana dafa bango. "Wata biyat shina ci min huska, yanzu ga shi nan ya yi tsit. Ko majalisa bai hitowa."

Kafin Kawu ya gama ajiye raken na buɗe takardar bayanin nan na gangara ƙasa, ga gargaɗin nan zaune yana jirana. Sabuwar ƙuri'a ta ɗauke Baba ta kai gidan da babu gaisuwa, ta ɗauko Kawu ta ba shi wurinsa. Ba su kaɗai ba ma, mutane da yawa sun sauya gida, aikin watanni ya dagule. Amma wallahi a lokacin ba aikin ne a raina ba.

Da Kawu ya tafi, Malama ta yi dariya har da hawaye. Can sai ta tsaya, ta dube ni.

"Ka dai san abin da ake kiran wannan a gida ko? Mutum shina gaishe ka kullum, rana guda ya ɗauke gaisuwar ya kai wa maƙwabcinka."

Na sani. Gaba ake kiransa. A wurinmu ba sai ka zagi mutum ba, ba sai ka ɗaga masa murya ba, ka janye gaisuwarka kawai ka gama faɗa masa komai. Tsakanin maƙwabta ma sai an tara dattawa an sasanta. To ina ga ɗa da ubansa. Kusan mako uku Baba na kwana yana tashi da cewa ɗansa na gaba da shi, kuma duk Bakura ta sani, don Kawu ba ya ajiye labari.

Na ce ai gyaran ba wuya, sabon samfurin ma ya zo da maganinsa. In sa lambar Baba cikin jerin nan, gobe da safe gaisuwarsa ta dawo. Na kai hannu ke nan Malama ta tura murfin kwamfutar ta rufe.

"Wannan ba na makunni ba ne. Gobe ka hau mota."

Washegari na shiga motar farko zuwa Bakura, daga tasha na hau mashin zuwa gida. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta amsa gaisuwata, ta ci gaba da aikinta, sai da ta ga na zauna na yi tsuru-tsuru sannan ta ajiye rariyar.

Ta ce tun da na sa masa abin nan, in ya dawo masallaci sai ya gyara hularsa kafin wayar ta yi ƙara. In na tambayi kwana ya amsa. In na tambayi iyali ya ba ni labarin gida, wa ya zo, wa ya yi zazzaɓi, tunkiya ta haihu. Wani lokacin bai gama ba muryar ta katse shi da madalla, sai ya ce, "Ka ji shi, da saurinai." Safiyar da gaisuwar ta ɗauke, ya ɗauka wayar ce ta lalace, ya kai wa mai gyara a bakin tasha, aka duba aka ce lafiyarta lau. Yana dawowa Kawu ya kunna masa tasa.

"Ranan bai ci tuwon kirki ba," in ji Inna. "Sai tambayata shikai, mi niy yi mai? Har ya tuno wai ran wata Talata ya ce gaban maigidanka, wanga yaro ko kai bai ɗagawa. Wai ko ita ta yi maka zahi."

Ni ko tuna maganar ban yi ba. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona, na tambaye ta yana ina. Ta ce yana fadama.

Na tarar da shi tsaye ya dogara da sanda, yana kallon ruwa na shiga fangalin albasa. Kawu na can tsallaken kunya a tasa gonar, yana ganina ya ajiye fartanya ya matso, don irin wannan kallon ba a ba shi labari. Na cire takalmi, na durƙusa a kan kunyar, laka na shiga wandona. Na yi sallama. Na tambayi kwana, na tambayi gajiya, na tambayi aiki, na tambayi zafi, duk abin da na sani na zazzage. Baba bai ko waiwayo ba. Da na ƙare, sai ya gyara murya, ya ɗauko irin sautin nan nawa na cikin waya.

"Yau za a yi zahi. A ba albasa ruwa da marece. A duba tumatur."

Kawu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Ban tashi ba. Na tsinci tsakuwa cike da hannu, na raba ta gida biyu a kan kunyar. Na ce Baba, ga mutanen da ake gaisarwa, ga waɗanda ba a gaisarwa, inji ne ke rabawa, ni ban san wa ke ina ba. Na haɗe tsakuwar na cakuɗa na sake rabawa. Na ce masu kayan aikin sun sabunta shi, sun kuma yi gargaɗi cewa za a sake rabo, ni ne ban karanta ba saboda sauri. Kuskurena ne, amma ban zaɓi kowa ba, ban cire kowa ba.

Sai a lokacin ya juyo. Ya dubi tsakuwar, ya dube ni.

"Kai kana ganin ban san inji na ba? Na sani. Amma muryar wa ta?"

"Tawa ce."

"To. Wa yas sa ta ciki?"

"Ni ne."

"Wanda yas sa, shi ka iya ɗaukewa. Ni abin da nig gani ke nan." Ya tura laka da sandarsa don ruwa ya juya. "Rabonka da ka zauna ka gaishe ni awa yadda kay yi yanzu, tun yaushe?"

Na lalubi ranar a kaina, na wuce sunan jaririn ƙanwata, na wuce Salla, ban same ta ba. Ban taɓa jin na yi ƙanƙanta kamar ranar ba, ga ni durƙushe cikin laka da digirina da komai.

Don in samu abin faɗa, na ce in na koma zan sa lambarsa a wani jeri, daga gobe gaisuwarsa za ta dawo kuma ba abin da zai sake taɓa ta.

Ya ce, "A'a. Bar ma wancan tsohon, kada shi mutu ba a taɓa gaishe shi ba."

Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ji hassada! Ai yanzu ɗana na, na karɓe."

"Riƙe na cikin wayar," in ji Baba. "Ni ina da mai gaishe ni, in shina so."

Da za mu koma gida ya miƙo mini butarsa in riƙe masa, da rana kuma ya sa aka zuba mana fura a ƙwarya ɗaya. Kawu ma ya zo ya sha, yana ta neman a mayar masa da rakensa tunda an yi sulhu ba da izininsa ba.

Da na koma Mafara na zauna na karanta takardar bayanin nan tun daga kalmar farko har ta ƙarshe, har da godiyar da suka yi wa waɗanda suka taimaka. Na faɗa wa mai kamfanin ɓarnar da na yi, ya yi faɗansa ya huce. Muka zubar da tsohon sakamakon muka sake gwajin daga farko, wannan karon gari-gari, don Malama ta ce ai ko ba sabuntawa, raba waya-waya bai taɓa dacewa da mutanen da ke zama a dakali guda suna jin wayar juna ba. Na kunna saitin riƙe kowa a gidansa, na duba shi sau uku. Jerin nan na musamman kuwa lamba biyu kawai na sa a ciki: ta Kawu a gidan gaisuwa, ta Baba a gidan da babu, kamar yadda ya ce.

Washegari da safe, daidai lokacin da na san sun dawo masallaci suna kan dakali, na kira shi. Yana ɗauka na ce, "Assalamu alaikum Baba an kwana lahiya ina gajiya ya iyali ya ƙarhin jiki," duk a numfashi ɗaya.

Ina jin zakara na cara a bayansa.

"Ka ƙare?"

"Na ƙare, Baba."

"Wancan na cikin waya ya hi ka ladabi. Shi shina tsayawa."

Na ji dariyar Kawu daga gefe. Na ce a yi haƙuri, bari in sake. Na yi sallama, na tambayi kwana, na ɗaga hannuna na fara lanƙwasa yatsu kamar yadda Malama ke yi. Ya amsa a tsanake. Na tambayi gajiya, ya ce babu gajiya. Na tambayi iyali, ya ce jaririn ƙanwata ya fara zama, Inna na fama da kajin maƙwabta, tunkiyar nan ta sake shiga gonar liman. Yatsu biyar suka ƙare bai gama ba, na bar shi ya gama. Abin mamaki, ban ji ƙafata ta yi tsami ba.

Na ce, "Ya ƙarhin jiki?"

"Jiki da godiya. Sai dai gwiwar nan, har yanzu ba ta bari in durƙusa. Zaune nika salla."

"Wace gwiwa, Baba?"

"Ai na hwaɗa maka."

"Ni? Yaushe?"

"Tun ƙarshen damina nika hwaɗa maka, kullum sahe."

Sai ƙofar ofis ta faɗo mini a rai, da yadda yake jingina da ita ya ƙi tabarma, da sandar da na gani a fadama na ɗauka ta korar awaki ce. Na ce, "To mi nic ce?"

"Ka ce madalla."

Yatsuna biyar na lanƙwashe, na kasa cewa komai. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Ya ce, "To kai kuma, yanzu shirun ya yi yawa."

Na ce ya sa Inna ta fito masa da rigarsa, ga ni nan tafe, asibiti za mu.